Ya Bar Ƙwaya, Lungu Bai Bar Shi Ba

Labarin iri ɗaya ne a Nima da Mamobi, sunaye kawai ke canzawa. Uwa ta kwashe kuɗin adashinta, wanda a nan Akra ake kira susu, ta sayar da atamfofin da ta daɗe tana ɓoyo a ƙasan akwati, wa da ke Jamus ko Amurka ya turo abin da ya sawwaƙa, aka kai yaro asibitin Pantang, can gaba da Madina a kan hanyar Aburi. Ya yi watanni. Ya dawo da kumatu, ido ya washe, yana bin sahun gaba a masallaci. Aka yi sadakar koko da ƙosai, maƙwabta suka yi ta shigowa barka. Bayan mako uku ko huɗu, wata safiya uwar ta ɗaga filo za ta canza zanen gado, sai ga katin ƙwaya an ɓalle biyu.

Kafin azahar unguwa ta yanke hukunci. Wasu su ce ba shi da zuciya. Wasu su ce mai hali ba ya fasa halinsa. Gwaggonni kuwa sukan rage murya su ce ai wannan ba haka kawai ba ne, an sa masa hannu. Da wuya a sami wanda zai tambayi abin da ya kamata a fara tambaya: a ina yake lokacin da abin ya taso masa, ƙarfe nawa ne, da wa yake tare, kuma me aka faɗa masa a gida kafin ya fita?

Hukuncin unguwa zalunci ne, ko da kuwa daga bakin masoya ya fito. Yaron da ya jure makonnin farko na barin ƙwaya, da zufa da gudawa da ciwon gaɓoɓi da dare bayan dare babu barci, ya riga ya nuna yana da zuciya. Abin da ya kayar da shi yana da suna a wajen likitoci, kuma Hausa ba ta rasa kalmar da ta dace da shi ba: fami. Ciwo ya kama hanyar warkewa, ya yi ɓawo, sai ƙafa ta bugi kujera daidai wurin. Ga mai murmurewa daga shaye-shaye, kujerar tana iya zama wani benci, ko wata murya, ko warin wani lungu, ko ƙarar ɓalle ƙwaya daga katinta.

Yadda abin ke aiki ba sihiri ba ne. Duk lokacin da mutum ya sha, ƙwaƙwalwa tana haddace abin da ke kewaye da daɗin: wurin, lokacin, fuskokin, har lemon ƙara kuzarin da ake jefa tiramol a ciki. Bayan ɗaruruwan maimaici, ganin waɗannan kaɗai ya isa ya sa sinadarin dofamin ya motsa, jiki ya fara shirin karɓar abin da ya saba, kamar yadda yawu ke tsinkewa mai azumi idan ya bi ta gaban mai tsire. A 2008 masu bincike a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka sun haska wa masu jarabar hodar iblis hotunan kayan shansu na tsawon kashi ɗaya cikin talatin na daƙiƙa, gajartar da ido bai isa ya tantance abin da ya gani ba. Duk da haka na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ta nuna sashen kwaɗayi ya farka. Ke nan idan yaro ya ce, "Wallahi Mma, ban san yadda aka yi ba," mai yiwuwa gaskiyarsa yake faɗa. Kwaɗayin ya riga tunanin isowa.

Babu misalin da ya fi fito da ƙarfin wuri kamar na sojojin Amurka a Biyetnam. A 1971 hankalin gwamnatinsu ya tashi, domin kusan ɗaya cikin biyar na ƙananan sojojin da ke can sun kamu da jarabar hirowin, aka yi ta fargabar abin da zai faru idan sun koma gida. Wata mai bincike, Lee Robins, ta bi sawunsu. Cikin waɗanda suka kamu a Biyetnam, kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai suka koma jarabar a shekarar farko, cikin shekara uku kuma kusan kashi 12. Akwai wasu dalilan, irin su tsadar ƙwayar a gida da ƙyamar allura, amma babban abin da ya faru a bayyane yake: jirgi ya raba su da sansanin, da tsoron, da abokan sha, da dillalin, duk a rana ɗaya.

Ɗan Nima ba shi da wannan jirgin. Trotro, motar haya, ce za ta sauke shi a bakin titin da ya baro.

Wannan ne ya sa shawarar da ake ba masu fita daga gidajen gyaran hali a ko'ina, wato a canza abokai, a canza wurare, take da wuyar aiki a Zango, wato unguwanni irin su Nima da Mamobi. Shawara ce mai kyau ga ɗan East Legon da ke da katanga da mota da ɗakin kansa. Nima, wadda Malam Amadu Futa ya kafa a shekarun 1930 a matsayin masaukin baƙi da mashigar dabbobi, yau tana cikin wurare mafi cunkoso a Akra. Gida ɗaya na haya ya ɗauki iyalai da yawa, samari huɗu ko biyar a ɗaki, lungun da idan mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya karkace. Hanyar zuwa famfo da bayan gida na kuɗi da masallaci sau da yawa ɗaya ce, kuma ta gaban mai sayarwa ta bi. Mai sayarwar nan ba baƙo ba ne. Tare aka yi makarantar allo, ko ɗan ƙanwar kaka ne, ko shi ya ɗauki makara ranar da baba ya rasu. Ta yaya za a ce a daina gaisawa da shi?

Wasu iyayen sukan tura yaro wajen dangi a Kumasi ko Tamale ko ƙauye, kuma tunanin yana da tushe. A hadisin mutumin da ya kashe rai ɗari, shawarar da malamin ya ba shi bayan tuba ita ce ya bar garinsu. Sai dai ƙwayar ta riga yaron isa can. Tun wajen 2017 tiramol mai ƙarfin miligiram 120 da 225 da 250 ta cika Ghana, alhali hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar 50 da 100 kawai ta amince da su. A 2018 Indiya ta tsaurara dokar fitar da ita, Ghana ta taƙaita sayar da ita tare da hana maganin tari mai kodin. Masu safara suka canza salo. A watan Fabrairun 2025 sashen binciken BBC ya fallasa kamfanin Aveo na Mumbai da a lokacin yake haɗa tapentadol da carisoprodol yana turowa Afirka ta Yamma da sunaye irin su Tafrodol da Super Royal-225, haɗin da ba a yarda da shi a matsayin magani a ko'ina ba, kuma a Tamale aka ɗauki wani ɓangare na rahoton. Samari suna kiran irin wannan ƙwaya Red, wato ja, har gwamnati ta sa wa gangaminta na yaƙi da ita suna da ke nufin ja alamar tsayawa ce. Hijira tana ba da numfashi na wata uku ko shida, kuma numfashin yana da amfani. Amma ranar dawowa tana nan tafe, kuma yaron da bai koyi gane faminsa ba zai tarar da shi inda ya bar shi.

Fami mafi girma a Zango shi ne bes, majalisar samari. Wanda bai san Nima ba zai ɗauka matattarar 'yan iska ce, kuma kuskure ne. Benci biyu ne ko uku a gindin bango, da kurfoti, da 'yar butar ataya tana tafasa, ana zuba shayin daga sama har ya yi kumfa, ana gardamar ƙwallo da siyasa da hanyar fita waje. A bes ake jin labarin aiki, a nan ake haɗa kuɗin suna da na asibiti, a nan saurayin da ba shi da ɗaki yake da wurin zama. Da yawansu babu abin da ake sha sai shayi. Amma a wanda ake sha, mai murmurewa yana fuskantar jarrabawar da ta fi ta Pantang. Ba a tilasta masa. Wani ne zai dube shi ya yi murmushi ya ce, "A'a, Ustaz, ka dawo? Yau ba ka yi ke nan?" A yi dariya. Wani ya ce, "Rabi kawai, ba abin da zai yi maka." Idan ya tashi ya tafi, ina za shi? Ɗaki akwai zafi, babu aiki, kaɗaici kuma shi kansa fami ne. Duk wanda ya ce wa yaro ya bar bes bai ba shi wani wurin zama daga la'asar zuwa sha biyun dare ba, ya ɗora masa kayan da ko shi ba zai iya ɗauka ba.

Na biyu yana cikin gida, kuma shi ne wanda iyaye ba sa son ji. Alan Marlatt na Jami'ar Washington, wanda ya shafe shekaru yana tambayar waɗanda suka koma ruwa me ya faru a ranar, ya gano kusan kashi uku cikin huɗu na komawar sun biyo bayan abu uku ne: ƙuncin rai, saɓani da wani, da matsin abokai, kuma ƙuncin rai ne kan gaba. A gidan haya na Zango wannan yana da kama da murya. Waya ta ɓace, duk ido ya koma kansa. Ya shigo ɗaki, ƙanwa ta jawo jakarta kusa. Baba ya ce, "Kuɗin da aka kashe a kanka da ya isa a kai ƙaninka jami'a." Ga Mohammed Kudus, ɗan Nima, yana buga ƙwallo a Ingila, ga ɗan maƙwabta ya turo mota daga Italiya, kuma ba a rasa mai tuna masa. Iyayen suna da hujjar fushi, an sace musu, an kunyata su, an yi musu ƙarya ba sau ɗaya ba. Amma gori yana tura yaro wajen abu ɗaya da ya sani yana kashe kunya cikin minti ashirin.

Sai ciwon jiki. Da yawa ba don nishaɗi suka fara ba. Ɗan okada da ke kan babur tun asuba, lebura mai ɗaukar bulo, mai dako a kasuwar Nima ranar Laraba, mai fasa ƙarafa, duk don aiki ya yiwu suka fara. Idan ya koma aikin, bayan zai sake ciwo, kuma jiki ya san maganin da ya saba. Irin wannan yana buƙatar likita ya duba bayan da kansa, shi kuma ya buɗe baki ya faɗi tarihinsa, don kada a rubuta masa tiramol ɗin da ya gudo daga gare ta. Kuɗi a aljihu ma haka ne: yammacin da aka yi ciniki mai kyau ya fi ranar babu haɗari.

Akwai kuma maganin da Zango ta fi yarda da shi, wato a yi masa aure ya natsu. Wani lokaci yana taimakawa. Amma an san samari da dama suna shan tiramol ne don jinkiri a shimfiɗa, kuma wanda ya saba da hakan yana shiga ɗakin amarya da fargabar da ba zai iya faɗa wa kowa ba, ga kuɗin haya na shekara biyu da mai gida ke nema a dunƙule, ga cefane. An ɗauki yarinyar mutane an mai da ita asibiti ba tare da an gaya mata cutar ba. Wannan ba adalci ba ne gare ta, kuma ba magani ba ne gare shi.

To me ya rage wa wanda ba zai iya barin unguwa ba? Abu na farko shi ne ya daina kallon kwaɗayin a matsayin aljanin da ke faɗowa ba sanarwa. Ya sami ɗan littafi, ko ya yi amfani da wayarsa, duk lokacin da abin ya taso ya rubuta ƙarfe nawa, ina, da wa, me ya faru kafin nan, ya ci abinci ko bai ci ba, ya yi barci ko bai yi ba. Cikin mako biyu zane zai fito. Wani zai ga nasa bayan isha'i ne idan ya bi ta bakin babbar kwatar da ta ratsa tsakanin Nima da Mamobi. Wani zai ga duk ranar da ya yi waya da wata ce. Wani kuma ranar da ƙungiyarsa ta sha kashi ya yi asarar kuɗin caca. Ƙungiyoyin masu murmurewa sun daɗe suna gargaɗi a kan yunwa da fushi da kaɗaici da gajiya, domin su ne ke sassauta ƙofar kafin fami ya ƙwanƙwasa.

Idan an san lokacin da wurin, sai a yi shiri tun da sauran natsuwa, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Ba a iya ɗauke lungun, amma ana iya zagayawa ta titi ko da ya ƙara minti goma, ko a bi shi da rakiyar ƙane. Cinikin yini ya tafi asusun waya na uwa ko mata kafin a baro tasha, a bar na abinci kawai. Lambar mai sayarwa ta fita daga waya, idan ta kama a canza layi. Amsar da za a ba 'yan bes a tanade ta, gajeriya, a maimaita ta a baki har ta zauna: "Na bari, likita ya hana ni." Sannan a san cewa kwaɗayi yana da iyaka. Yana hawa, ya kai ƙololuwa, ya sauka, sau da yawa cikin abin da bai wuce rabin awa ba, idan ba a ciyar da shi ba. Marlatt ya koya wa majinyatansa su zauna su kalle shi kamar igiyar ruwa, su lura da inda yake matsa su, ƙirji ne ko ciki ko maƙogwaro, har ya wuce. Alwala da raka'a biyu, tafiya da sauri zuwa filin Kawukudi, kiran mutum ɗaya da aka yi alkawari da shi zai ɗauka ko ƙarfe biyun dare ne, duk hanyoyin cinye wannan rabin awar ne. Kowane karo da aka tsallake, igiyar da ta ɗaure wurin da ƙwayar tana ƙara saki.

Malaman Zango suna da abin faɗa a nan fiye da yadda suke faɗa. An haramta giya mataki-mataki ne, ba rana ɗaya ba. Kuma akwai lokacin da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana tawagar Abdul Ƙais yin tsimi a wasu kayayyaki, irin su duma da wani nau'in tulu da kututturen dabino da aka fafe, daga baya aka ɗage hanin. Malamai sun ce tsimi yana saurin zama giya a cikinsu, wasu masu sharhi suka ƙara da cewa kayan suna tuna wa sababbin tuba abin da suka bari. Watan azumi ma shaida ne da ake gani kowace shekara: da yawa suna rage sha ko su tsaya cak, domin unguwar gaba ɗaya ta canza lokacin cinta da barcinta da zamanta, kuma babu wanda ke shi kaɗai da magariba. Sai daren Salla ya zo, da kiɗa da babura da sababbin kaya da kuɗi a hannu, a rushe ginin kwana talatin. Iyalin da ke da mai murmurewa ya kamata su shirya wa ranar Salla tun ana goman ƙarshe: ina zai yini, da wa, nawa zai riƙe.

Idan kuma ya zame, wannan ce sa'ar da ta fi kowace haɗari, kuma ita ce aka fi yin kuskure a cikinta. Jikin da ya huta wata uku ba ya ɗaukar abin da yake ɗauka a da. A wani bincike da aka buga a 2007 kan fursunonin da aka saki a jihar Washington, haɗarin mutuwa ta hanyar wuce kima a makonni biyun farko ya ninka na sauran jama'a sau 129. Tiramol da yawa tana kawo farfaɗiya, ita da Red kuma suna iya danne numfashi. Wanda aka samu yana wani irin munshari, ba ya farkawa, leɓe ya canza launi, asibiti za a kai shi nan take, ba a kulle shi a ɗaki ya yi barci ba. Wanda ya daɗe yana sha da yawa kuma bai kamata ya yanke rana ɗaya ba tare da likita ba. Bayan an tsira da rai, sai a kula da harshe. Zamewa ɗaya takan zama komawa gaba ɗaya ne idan mutum ya yarda cewa shi ke nan, ya lalace. Alƙaluman da aka fi kafa hujja da su sun nuna kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na waɗanda aka yi wa magani suna zamewa, kusan daidai da masu hawan jini da asma, kuma babu mai korar tsoho daga gida don jininsa ya sake hawa. A zamanin Manzo an sha kawo wani sahabi saboda giya, da wani ya tsine masa sai aka hana shi, aka kuma yi wa mai laifin shaidar son Allah da Manzonsa.

Hukuma ta yi rabin tafiya. Dokar 2020 da ta kafa hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NACOC ta mayar da hukuncin wanda aka kama da ƙwaya don shan kansa tara ta sidi 2,400 zuwa 6,000 a maimakon shekaru a kurkuku, ta kuma amince cewa jaraba lamarin lafiya ne. Amma gadajen jinya suna Pantang da Ankaful da babban asibitin ƙwaƙwalwa na Akra da sashen Korle Bu da gidaje masu zaman kansu masu tsada, fami kuwa yana Nima. Abin da ya yi ƙaranci shi ne kulawar bayan sallama, a cikin unguwa, da Hausa, a lokacin da ake buƙatarta. Asusun raya Zango da aka kafa da doka a 2017 ya gina filayen ƙwallo da azuzuwa da fitilun titi. Albashin masu ba da shawara guda biyu a babban asibitin Mamobi, masu zama daga la'asar zuwa dare, bai kai kuɗin fili ɗaya ba. Ofishin Babban Limamin ƙasa, Shaikh Usman Nuhu Sharubutu, yana da muryar da idan ta ce limamai su buɗe ƙofa za a buɗe. Masallatan Nima da Mamobi ba sa ƙirguwa da yatsu, kuma mafi yawansu ana kulle su bayan isha'i, daidai lokacin da yaron da ya dawo daga Pantang yake tsaye a bakin lungu yana tunanin inda zai zauna. Ɗaya daga cikinsu a kowace shiyya zai iya barin fitila a kunne, da tabarma, da butar ataya, da wani da ya shekara biyu da bari yana jiran duk wanda ya shigo.